Riƙon Marayu a Cikin Ikilisiya: Yadda Za Mu Tsaya wa Gidan da Ya Karɓi Yaro

Duk lokacin da aka binne mutane da yawa a rana ɗaya, kamar yadda aka yi a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi bayan harin jajibirin Kirsimeti na 2023, ko a Kajuru da Zangon Kataf, ko a Gwoza da Michika a 2014, akwai tambayar da takan rage bayan masu gaisuwa sun watse: yaran nan wa zai riƙe su? Ba bindiga kaɗai ke kawo wannan tambaya ba. Uwa ta rasu wurin haihuwa, uba ya tafi a haɗarin mota, aure ya mutu kowa ya kama gabansa, wani yana kurkuku, wata ta samu taɓin hankali. A kowace ikilisiya akwai irin waɗannan yara, ko an san da su ko ba a sani ba.

Sau da yawa idan maganar ta zo gaban dattawa, abin da ake fara kawowa shi ne a gina gidan marayu. Ni ina ganin wannan ya kamata ya zama shawara ta ƙarshe. Yaro yana bukatar mutum ɗaya ko biyu da zai kira nasa, waɗanda ba sa tashi daga aiki da yamma su bar shi da wani. Binciken da aka fara a Bukares ta ƙasar Romaniya a shekara ta 2000 ya bi diddigin yaran gidajen marayu, ya kuma nuna cewa waɗanda aka mayar cikin iyalai sun fi waɗanda aka bari ci gaba a magana da fahimta da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2. Mu kuwa ba sabon abu ba ne gare mu. Riƙo al'adarmu ce tun kaka da kakanni, kuma a Littafi Mai Tsarki Mordekai ne ya riƙe Esta, 'yar baffansa, da iyayenta suka mutu. Abin da ya lalace shi ne yadda ake barin mai riƙo shi kaɗai da nauyin, da yadda wasu suka mai da ɗan riƙo bawan gida. Gyaran waɗannan abubuwa biyu shi ne aikin ikilisiya, ga kuma yadda za a bi.

Mataki na farko: a san yaran da ake magana a kansu

Kafin a yi sanarwa ko a tara baiko, a zaɓi mutum huɗu zuwa shida su zama kwamiti. A sa dattijo ɗaya, mata biyu daga zumuntar mata, da malamin makarantar Lahadi, domin shi ne ya san wane yaro ya daina zuwa da wanda ke zuwa ba takalmi. In akwai ma'aikaciyar jinya ko malamin firamare a cikin ikilisiya, a roƙe su su shiga. Mai surutu kada ya shiga, ko da ya fi kowa ba da zakka.

Aikinsu na farko shi ne bi gida gida a hankali su rubuta a littafi ɗaya: sunan yaro, shekarunsa, sunayen iyayensa da ƙauyensu, wa ke riƙe da shi yanzu, yana makaranta ko ba ya yi, da dangin da suka rage masa. Za ku tarar yawancin yaran suna hannun wani tuni. Kaka ce mai shekara saba'in da jikoki huɗu, ko gwaggo da ta haɗa da nata ta zama tana ciyar da tara. Waɗannan su ne masu riƙon da ikilisiya take da su tun kafin ta fara shiri, kuma da su za a fara. Littafin ya zauna a kulle, ba a karanta shi daga bagade.

Mataki na biyu: a gwada kada yaro ya bar gidansu

Yaro da yawa da ake kira maraya yana da uwa a raye. Abin da ya raba su talauci ne: ba kuɗin makaranta, ba hatsi, dangin miji sun karɓe gona. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu sun faɗa a fili cewa talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba. Idan gwauruwa ta zo tana cewa a karɓi 'yarta domin ba ta da abin ba ta, tambayar da za a yi mata ita ce me zai sa ta iya riƙe 'yar da kanta. Wani lokaci buhun masara biyu ne da taki da kuɗin zango ɗaya. Wani lokaci ɗaki ne, ko jarin ƙosai, ko dattawa su raka ta wurin dagaci a dawo mata da gonar mijinta. Wannan ya fi sauƙin kuɗi a kan ciyar da yaro shekara goma a gidan wani, kuma ba a raba uwa da ɗa ba.

Idan iyaye duka ba su nan, a nemi dangi ta ɓangaren uba da na uwa, a zauna da su. A tambayi yaron ma, in ya kai shekarun da zai iya faɗa, wurin wa yake so ya zauna. Yara sukan san gidan da ake son su da gidan da ake son aikinsu. Wa da ƙani kuma kada a raba su sai in ba makawa. Yaron da ya rasa uwa da uba, ƙanwarsa ce abin da ya rage masa na gidansu.

Mataki na uku: zaɓen gida

Sai an rasa dangin da za su iya, sannan a juya ga iyalan ikilisiya. A nan ake yawan yin kuskure, domin akan duba wanda ya fi kuɗi ko wanda ya fara ɗaga hannu a sujada. A je gidan sau biyu ko uku. A zauna da miji shi kaɗai, da matar ita kaɗai, domin sau da yawa maigida ne ke yin alkawari a coci, uwargida ce za ta yi wanki da jinya. In ba da son ranta ba ne, yaron ne zai sha wuyar abin. A ji ta bakin 'ya'yan gidan. A duba inda yaron zai kwanta, da wa zai kwana, akwai samari 'yan haya ko baƙi da ke yawan shiga da fita. A tambayi maƙwabta yadda ake horon yara a gidan, da ko ana shaye-shaye ko dūkan mata.

Akwai tambaya ɗaya da ba a so a yi saboda kunya, amma dole a yi ta: me ya sa kuke son yaron nan? Wanda ya ce yana son yarinya 'yar shekara tara domin madam ta haihu tana bukatar mai taimako, 'yar aiki yake nema, a faɗa masa gaskiya cikin ladabi. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Kowa ya san yadda ake kwasar 'yan mata daga ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai zuwa Abuja da Legas da Fatakwal da sunan za a sa su makaranta, su ƙare a wanke-wanke da raino. Wasu masu kwasar ma da sunan hidimar Ubangiji suke zuwa. Fasto ko dattijon da ya miƙa yaro ga baƙo domin ya zo da Littafi Mai Tsarki a hannu da mota mai kyau, yana da alhakin abin da zai biyo baya.

Mataki na huɗu: takardu

Wannan ne matakin da mutanenmu suka fi tsallakewa, suna cewa ai aikin Allah ne. Aikin Allah ne, amma ranar da kawun yaro ya zo da 'yan sanda ya ce an sace ɗan ɗan'uwansa, takarda za a tambaye ku. A ƙarshen Disamba 2019 jami'an tsaro sun kwashe yara daga gidan marayu na Du Merci a Kano, aka shafe shekaru ana shari'a da kai-kawo, yaran kuma suna tsakiya. Ko me mutum yake gani game da wannan lamari, darasin a fili yake: duk wanda zai riƙe ɗan wani a arewacin Najeriya, ya tabbata hukuma ta sani kuma ta sa hannu.

Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ware babi guda kan riƙo. A ƙarƙashinta kotun iyali ce ke ba da izinin riƙo bayan jami'an walwalar jama'a sun yi bincike. Mai nema ya kai shekara 25, ya kuma girmi yaron da aƙalla shekara 21, ya kasance da lafiya da halin ciyarwa. Ba a ba mutum ɗaya fiye da yara uku sai da dalili na musamman. An hana ba da kuɗi ko karɓa domin a samu yaro, an hana mai riƙo auren yarinyar da yake riƙo, an kuma hana fita da yaron daga ƙasa ko daga yankin kotun ba da sanin hukuma ba. Sai dai kowace jiha tana da tata dokar. Filato ta yi tata tun 2005, Kaduna a 2018, Kano a 2023, kuma sharuɗɗan sukan bambanta. Saboda haka mutum biyu daga kwamiti su je sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, ko ma'aikatar jiha mai kula da mata da yara, su tambayi yadda ake yi a jiharsu, su karɓi sunan jami'in da za su riƙa tuntuɓa.

Ko da riƙon na cikin dangi ne, a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu daga ɓangarorin dangi biyu: wa ya ba da yaron, wa ya karɓa, har zuwa yaushe, yaushe zai riƙa zuwa ganin gida. A yi kwafi uku. A nema wa yaron takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da sunan mahaifinsa na gaskiya, a yi masa lambar NIN, domin ba zai rubuta JAMB ba sai da ita. Riƙo ba ya canja wa yaro suna ko asali. Wanda yake so yaro ya zama nasa har abada a doka, wannan wata hanya ce daban, ita ma ta kotu.

A wannan zaman ne kuma za a rubuta gadon yaron: gona, fili, shanu, kuɗin sallamar mahaifinsa in ma'aikaci ne. A faɗi wanda zai kula da su da ranar da za a miƙa. Marayu da yawa sun girma sun koma ƙauye sun tarar an sayar da komai.

Idan yaron da aka tsinta ɗan gidan Musulmi ne, a sanar da hukuma da mai unguwa nan take, a nemi danginsa ta hanyar limami da shugabannin unguwa. A ciyar da shi, a ba shi wurin kwana in bukata ta kama, amma kada a canja masa suna ko a yi masa baftisma a ɓoye. Abin da ba za mu yarda a yi wa 'ya'yanmu ba, kada mu yi wa na wani.

Mataki na biyar: makonnin farko a sabon gida

A kai yaron asibiti cikin makon farko ko da ba ya ciwo. A duba zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tamowa, nau'in jini (genotype) saboda sikila, da gwajin ƙanjamau in ba a san abin da ya kashe iyayen ba. Sakamakon sirri ne tsakanin mai riƙo da likita. Ƙananan yara a duba katin rigakafinsu. A tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya ta jiha, irin su PLASCHEMA a Filato da KADCHMA a Kaduna.

Sai kuma abin da asibiti ba ya gani. Yaron da ya ga an kashe mahaifinsa, ko ya kwana a daji yana gudu, zai iya yin fitsarin kwance yana da shekara goma. Zai iya ɓoye tuwo a ƙarƙashin katifa, ya firgita da ƙarar babur, ya yi ƙarya a kan abin da bai kai a yi ƙarya ba, ko ya yi makonni ba ya magana. Wani kuma zai yi ladabi fiye da kima a watan farko, sai ya saki jiki sannan rigima ta fito. Duk wannan tsoro ne da baƙin ciki, bulala tana ƙara su ne kawai. Abin da ke taimako shi ne tsari marar canjawa: lokacin abinci ɗaya, lokacin barci ɗaya, a faɗa masa inda za a je da lokacin da za a dawo, a kuma cika. Kada a matsa masa ya ba da labarin abin da ya faru, kada kuma a hana shi ambaton iyayensa. In akwai hotonsu, a bar masa.

Ina roƙon fastoci da masu addu'a da babbar murya: kada a bari kowa ya kira irin wannan yaro maye. An sha jin an ɗora wa maraya mutuwar iyayensa ko karayar arzikin gidan da ya shiga, a sa shi azumin dole, a dūke shi da sunan fitar da aljani. Wannan zalunci ne, laifi ne kuma a doka. Ikilisiyar da ta ga ana yi ta yi shiru ta sa hannu.

Cikin gida kuwa, ma'aunin mai sauƙi ne. Kwano ɗaya, makaranta ɗaya, ɗinkin Kirsimeti ɗaya. In 'ya'yan gida suna makarantar kuɗi, ɗan riƙo yana talla, ya riga ya gane matsayinsa ko ba a faɗa masa ba. Aikin gida kowa ya yi daidai shekarunsa.

Mataki na shida: sauran ikilisiya su ɗauki nasu kason

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ikilisiya mai iyali ɗari, wataƙila biyar ne za su iya karɓar yaro, amma sauran casa'in da biyar suna da abin yi. A kewaye kowane gidan riƙo da iyalai uku ko huɗu da aka ambata da suna, kowa da aikinsa. Wata ta kawo girki sau ɗaya a mako. Wani ya ɗauki yaran ranar Asabar ɗaya a wata domin masu riƙo su huta, bayan kwamiti ya san shi kamar yadda ya san mai riƙo. Ɗalibi daga zumuntar matasa ya zauna da yaron kan karatu, domin yawancinsu sun rasa zango biyu ko uku. Mai keken ɗinki ta ɗinka kayan makaranta. Zumuntar maza su yi gayya a gonar kakar da ke riƙe da jikoki. 'Yan Brigade, ƙungiyar yara da matasa ta ikilisiya, su jawo yaron cikinsu ya samu abokai.

Batun kuɗi a yi shi a fili. A buɗe asusu daban, mutum biyu ke sa hannu, a karanta rahoto a taron ikilisiya ba tare da ambaton sunayen yara ba. A ware baiko na musamman ko Lahadi ɗaya a wata uku, a kuma cire kaso daga hatsin baikon godiya na kaka kafin a sayar. Kuɗin makaranta a biya kai tsaye ga makaranta a karɓi rasit. Abinci kuwa a kai wa gidan gaba ɗaya. In an kawo wa ɗan riƙo shi kaɗai madara da sabon takalmi, 'ya'yan gida suna kallo, an shuka ƙiyayya. Kada kuma a yi alkawarin da ba za a iya riƙewa shekara biyar ba. Ƙaramin abu da ke zuwa kowane wata ya fi babban taro guda da kyamarori.

Maganar kyamara: a daina fito da marayu gaban ikilisiya ana nuna su domin a motsa zuciyar masu bayarwa, a daina sa hotunansu a Facebook da WhatsApp da labarin yadda iyayensu suka mutu. Yaron zai girma ya gani, abokan karatunsa ma za su gani.

Mataki na bakwai: ziyara da sa ido

Kowane wata a watanni shida na farko, daga baya kowane wata uku, mutum biyu daga kwamiti su ziyarci gidan, ɗaya daga cikinsu mace. Wata ziyarar a sanar, wata kada a sanar. A gaisa da masu gida, a tambaye su inda ya yi musu nauyi, domin su ma suna gajiya kuma kunya takan hana su faɗa. Sannan a ɗan keɓe da yaron a inda ana hangen su amma ba a jin su. A duba jikinsa da tufafinsa da littattafansa, a leƙa makaranta a tambayi malami.

Idan yaro ya faɗi cewa ana taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, ko aka ga alama, a yarda da shi tukuna, a raba shi da wurin a ranar. A kai shi asibiti kafin awa 72 su cika, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki. A Jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama da aka buɗe domin irin wannan, har da Kafanchan da Zariya. A sanar da 'yan sanda da jami'in walwala. Kada a kira taron sulhu a ofishin fasto, kada a ce a rufa asiri domin sunan ikilisiya, ko da wanda ake zargi dattijo ne ko ɗan fasto. Horon ikilisiya yana da wurinsa, amma ba ya maye gurbin kotu.

In kuma riƙon ne kawai ya ƙi, jini bai haɗu ba ko mai riƙo ya kwanta ciwo, kada a kunyata kowa. A sanar da jami'in walwala, a nemi wani gida a natse, a gaya wa yaron tun da wuri, a kuma gaya masa ba laifinsa ba ne.

Mataki na takwas: komawa gida, ko fita neman na kai

Riƙo da yawa na ɗan lokaci ne. Uwa ta warke, uba ya fito, ƙauye ya zauna lafiya mutane sun koma. Tun daga ranar farko a riƙa kai yaron ganin danginsa lokacin hutu, a bar shi ya riƙe yarensu, ko Berom ne ko Marghi ko Atyap, kada ya koma ya kasa gaida kakarsa. In lokacin komawa ya yi, a fara da kwana biyu, sai mako, sai hutu guda, kafin a kwashe kaya. Tallafin da ake ba gidan riƙo ya bi yaron zuwa gidansu na aƙalla shekara ɗaya. Masu riƙon ma a riƙa leƙa su, domin rabuwa da yaron da ka yi wa wanka shekara uku ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ba shi da inda zai koma, kada a sallame shi don ya cika 18. Tun yana aji uku na ƙaramar sakandare a zauna da shi a ji abin da yake so: karatu ne, ko walda, ɗinki, gyaran waya, kiwon kaji. A haɗa shi da mai sana'a a cikin ikilisiya, a tanadi kuɗin WAEC ko NECO tun shekara guda kafin lokaci, a sayi kayan aiki ranar yaye shi. A fito da takardar gadon da aka rubuta a mataki na huɗu, dattawa biyu su raka shi ƙauye a nuna masa iyakar gonar mahaifinsa a gaban dagaci. Ranar da zai nemi aure, ko ranar da za a zo neman aurenta, a sanar da dangin uba tun da wuri su zo su zauna a matsayinsu, masu riƙo kuma su zauna kusa da su.